Akassa, Inda Ruwa Ke Kawowa Sau Biyu a Yini: Amsa ga Ɗan Bautar Ƙasa daga Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Fagge ne a nan Kano. An tura ni bautar ƙasa Jihar Bayelsa, da muka fito daga sansanin Kaiama sai aka ba ni wata sakandare a yankin Akassa, can bakin teku. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi Tiga girma ba. Wanda na kira a can ya ce jirgi ba shi da tsayayyen lokaci, sai ruwa ya kawo. Me ke nan? Wane irin gari ne, kuma waɗanne dabbobi zan yi hattara da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a gama lafiya. Matambayi ba ya ɓata, kuma gara da ka tambaya tun kana Fagge.

Kogin Kwara, wanda ya ratsa Yawuri da Jebba da Lokoja, idan ya wuce Aboh sai ya rabu gida biyu, Forcados ta yamma, Nun ta kudu. Akassa tana daidai inda Nun ya faɗa tekun Atlantika, a Ƙaramar Hukumar Brass, kuma tana cikin wuraren da suka fi kowane kusa da ƙarshen kudancin Najeriya. Sunan ya haɗa ƙauyuka da yawa, irin su Kongho da Sangana, da kuma ɗimbin sansanonin masunta da ake tashi a bari bisa ga lokacin kifi. Mutanen Ijaw ne, 'yan'uwan mutanen Nembe. Mota ba ta zuwa. Daga tashar ruwa ta Swali a Yenagoa za ka hau kwalekwale mai inji, tafiyar awa biyu ko fiye, babban jirgin katako na 'yan kasuwa kuwa sai ya cinye maka yini.

Maganar da mutumin ya faɗa maka gaskiya ce, amma akwai gyara a cikinta. Ruwan yana da lokaci, tsayayye ma kuwa, sai dai da wata yake tafiya, agogonka kuma da rana yake aiki. Wata yana jan duniya da duk abin da ke kanta. Ruwan da ke gefen da ke fuskantar wata ya fi jin jan, sai ya ɗan tudu. Ruwan da ke ɗaya gefen shi ne jan ya fi rauni a kansa, sai aka bar shi a baya, shi ma ya tudu. Duniya tana juyawa ta ratsa tudun nan biyu, shi ya sa gaɓa take ganin cika biyu da janyewa biyu. Tiga da Challawa ma wata yana jan su, ƙanƙantarsu ce ta sa ba a ganin komai.

Lissafin da za ka haddace shi ne wannan: daga cika zuwa cika awa 12 da minti 25, daga cika zuwa ƙarshen janyewa awa 6 da 'yan mintoci. Idan yau ruwa ya cika ƙarfe 6:00 na safe, zai kai ƙarshen janyewa wajen 12:10 na rana, ya sake cika wajen 6:25 na yamma, gobe da safe kuma sai wajen 6:50. Kullum yana makara da kimanin minti 50, wata rana ƙasa da haka, wata rana sama. Wannan ba sabon abu ba ne gare ka. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida lokacin zafi ya san cewa bayan daren sha huɗu, wata yana ƙara makara wajen fitowa kowane dare. Makarar nan ita ce dai ta ruwan. Abin da ke kama baƙi shi ne bayan mako guda jinkirin ya taru ya kai kusan awa shida, sai ka ga sa'ar da jirgi ya ɗauke ka a bakin makaranta ranar Litinin ɗin da ta wuce, wannan Litinin ɗin babu komai a wurin sai taɓo da ƙaguwa.

Rana ma tana jan ruwa, amma ƙarfinta bai kai rabin na wata ba. Idan suka jeru a layi ɗaya, wato a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, sai jan ya haɗu, ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai. Idan wata ya kai rabi, wajen bakwai zuwa takwas ga wata da ashirin da biyu zuwa da uku, sai su riƙa ja ta fuska daban-daban, cikar ta zama 'yar kaɗan, janyewar ma haka. Babbar cika takan makara da kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, mu kuma ba ma ganin jinjirin wata sai bayan kwana ɗaya ko biyu, saboda haka ɗaya ga watan Musulunci takan faɗa kusan daidai kan babbar cika, haka ma sha biyar da sha shida. Kalandar da ke rataye a masallacin unguwarku ta fi ta boko amfani a Akassa. A gaɓar Najeriya, ranakun babbar cika ruwa yakan cika wajen asuba da kuma bayan la'asar, ya janye ƙwarai tsakanin hantsi da azahar. A cikin ƙananan rafuka cikar tana isa a makare, gwargwadon nisansu da bakin teku. A watan Maris da Satumba manyan cikar sun fi na sauran shekara.

Tazarar da ke tsakanin cika da janyewa a Legas kusan mita 1 ce, tana ƙaruwa in ana yin gabas har ta kai wajen mita 3 a Kalaba. Akassa tana tsakiya, tsakanin mita 1 da 2. Idan aka gwada da mashigin Fundy na Kanada, inda takan kai mita 16, sai ka ce wasa ne. Amma ƙasar can shimfiɗe take kamar faranti, mita ɗaya da rabi ta isa ta shafe fili mai faɗin gaske ta kuma sake buɗe shi.

Ruwan ba ya hawa daidai wa daida cikin awa shidan nan. Masu jirgi suna raba tazarar kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A ce tazarar yau mita 1.8 ce, kowane kashi santimita 15 ke nan, hawan zai zama 15, 30, 45, 45, 30, 15. Rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake shigowa, a lokacin ne kuma gudunsa ya fi ƙarfi. Yanzu a ce akwai wani rafi da ake yanke hanya ta cikinsa, zurfinsa santimita 30 a ƙarshen janyewa, jirgin kuma da lodinsa da farfelarsa yana bukatar 80. Bayan awa ɗaya zurfin 45 ne, bayan biyu 75, sai an ɗan haura awa biyu kafin a wuce. Direban da ya zauna yana cin gyaɗa fasinja suna masa tsawa, wannan lissafin yake yi a kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga wuri marar zurfi ruwa yana ja. Idan jirgi ya zauna a taɓo ruwa yana kawowa, minti ashirin sun ɗaga shi. Idan ya zauna awa biyu bayan cika, sai an jira awa huɗu ruwa ya gama janyewa, a sake jiran wasu huɗun ya dawo inda ya bar ku, awa takwas a tsakiyar sauro, wataƙila har dare. Mafi muni shi ne a tura babban jirgi can sama a ƙolin babbar cika, domin gobe ruwan ba zai kai wurin ba, jibi ma haka, sai bayan kusan mako biyu. Ɗaurin jirgi ma yana da ƙa'ida. In aka ɗaure shi da gajeriyar igiya ruwa yana cike, da ya janye sai jirgin ya rataye ya karkace. In aka bar gefensa ya shige ƙarƙashin katakon gadar sauka ruwa yana ƙasa, da ya kawo sai katakon ya danne shi ya cika da ruwa.

Rundunar sojan ruwa ta Najeriya tana fitar da jadawalin cika da janyewa na manyan tashoshi, akwai kuma manhajojin waya, amma sabis a can ba abin dogaro ba ne, kuma jadawalin na bakin teku ne. Ka samu gora mai tsawon mita uku, ka yi mata alama kowane santimita 10, ka ɗaure ta a jikin ƙafar gadar sauka. Ka riƙa rubuta lokacin cika da tsayinta da kwanan watan Musulunci har kwana 15. Daga nan lissafin zai riƙa maimaita kansa. In darasin kimiyya ko labarin ƙasa aka ba ka, wannan aikin ya ishi ɗalibai zango guda, kuma sun fi ka sanin amsar tun kafin a fara.

Wuri mafi haɗari a duk yankin shi ne bakin kogin kansa. Kogi yana ɗauko yashi da laka tun daga arewa, in ya ci karo da teku gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayan a ƙofa, su zama tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Raƙuman ruwan da ke tahowa daga kudu maso yamma in suka hau tudun nan sai su miƙe su karye. Idan kuma ruwa yana ja, gudun kogi yana fita raƙuman suna shiga, sai su tsaya a tsaye kamar katanga. Masunta suna ƙetare shi ne ruwa yana gab da cika. Daga Yuni zuwa Satumba tekun ya fi hauka. Duk wanda ya ce ka zo a kai ka ganin teku ta bakin kogi ruwa yana ja, ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Tarihin garin ma a kan wannan ƙofa ya rataya. Tun da can mutanen yankin masunta ne da masu dafa gishiri, suna kai busasshen kifi da gishiri cikin ƙasa su karɓo doya da sauran abinci, domin taɓon gishiri ba ya noma. Da cinikin bayi ya zo, kogunan Nun da Brass suka zama mafita, kuma ko bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, an daɗe ana yin sa a ɓoye a nan, saboda rafukan sun yi wa jiragen sintiri yawa. Daga baya manja ya maye gurbin bayi.

Turawa sun daɗe suna shiga waɗannan bakunan koguna ba su san cewa Kwara ce ba. Clapperton ya zo Kano a 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana neman inda kogin ya ƙare. Ya dawo a 1826 tare da yaronsa Richard Lander, wanda ya yi zaman jiran kaya a Kano, sannan Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827. A 1830 Lander ya dawo da ƙaninsa John, suka biyo kogin a kwalekwale daga wajen Bussa da Yawuri, aka kama su a hanya aka kai su gaban sarkin Aboh, wani babban ɗan kasuwar Brass da Turawa ke kira King Boy ya fanshe su ya kawo su bakin teku. A Nuwamba 1830 suka fito ta Nun. Wato mutumin da ya nuna wa Turai ƙofar Kwara ya sha ruwan Kano shekara huɗu kafin ya ga Akassa.

Ayarin jiragen Ingila na 1841 ta nan ya shiga, zazzaɓi ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan ciki. A 1854 Likita Baikie ya shiga da jirgi ɗaya har Binuwai, yana ba mutanensa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, kullum, ya fito bai rasa ko mutum ɗaya ba, daga nan aka san kogin zai shigu. Shi ma Baikie ya zo Kano a 1862. A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke kogin, a 1886 gwamnatinsu ta ba su takardar izinin mulki da sunan Royal Niger Company. A lokacin hedikwatar mulkin kamfanin tana Asaba, amma Akassa ce ƙofa: ɗakunan ajiya, wurin gyaran jirage da ofishin kwastan duk a nan suke.

Matsalar ita ce kamfanin ya ɗauki 'yan kasuwar Nembe da Brass a matsayin baƙi a kogin da kakanninsu suka yi ta fatauci a kai. Sai sun biya fam 50 na lasisi a shekara kafin su sayi manja a kasuwannin da suka saba, ga haraji, wanda ya ƙi kuma a harbi kwalekwalensa a ƙwace kaya. Mutanen da ƙasarsu ba ta noma, in ka toshe musu kasuwa yunwa ka aika musu. Ranar 29 ga Janairu 1895, da asuba, Sarki Koko na Nembe ya zo da mayaƙa fiye da dubu a kwalekwalen yaƙi suka afka wa Akassa, suka lalata injuna da ɗakunan ajiya, suka kashe ma'aikata, suka tafi da wasu. A Fabrairu sojan ruwan Ingila suka ƙone Nembe. Sir John Kirk, wanda aka turo bincike, ya samu cewa koken mutanen yana da tushe, abin ya zubar da mutuncin kamfanin a Landan. Koko ya rasu a 1898. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfanin bayan biyan sa fam 865,000, Lugga ya ɗaga tuta a Lokoja, shekara uku bayan haka sojojinsa suka iso ganuwar Kano.

Abin da ya durƙusar da Akassa a ƙarshe yashi ne. Jirage suna ƙara girma, tudun bakin Nun ba ya ba su hanya, sai harka ta koma Forcados da Burutu. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, da niyyar a sauke kaya a bakin Kwara su gangara ta ruwa zuwa Forcados da Burutu, kafin layin Legas ya kwashe cinikin gyaɗa. Yau a Akassa za ka ga hasumiyar fitila, da maƙabartar Turawa, da ragowar ƙarafan da tsatsa ta cinye, da wurin da mutanen gari ke nunawa a matsayin inda ake tsare bayi. In ana ba ka labarin 1895 ka fi sauraro, domin a wurinsu yaƙin kare haƙƙi ne, ba fashi ba kamar yadda rahotannin kamfani suka rubuta.

Dajin da za ka ratsa a jirgi shi ne na mangurob, itacen da ke rayuwa a ruwan zartsi, kuma na yankin Neja Delta ya fi na ko'ina faɗi a Afirka. Iri biyu za ka fi gani. Na bakin rafi yana tsaye kan saiwoyi masu lanƙwasa kamar ƙafafun gizo-gizo, 'ya'yansa kuma suna tsiro tun suna kan uwa, su zama kamar doguwar kuɓewa, su faɗo su cake a taɓo ko ruwa ya tafi da su. Na bayansa yana fitar da ƙananan saiwoyi sama kamar an kakkafa fensir, in ka lasa ganyensa za ka ji gishiri, ta nan yake fitar da shi. Taɓon ba shi da iska, shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, itacen kuma ta ƙananan ƙofofin jikin saiwa yake numfashi idan ruwa ya janye. Wannan ne dalilin da ɗanyen mai yake kashe shi: cika ta ɗauko man, janyewa ta shafa shi a jikin saiwa, ƙofofin su toshe. A Oloibiri ta wannan jihar aka fara samun man fetur a Najeriya a 1956, kuma fashewar rijiyar Funiwa a teku a 1980 ta yi wa gaɓar Sangana ɓarna ƙwarai.

Ka je ka tsaya a gadar sauka da hantsi ranar sha biyar ga wata, ka yi shiru minti biyar. Taɓon da ka zata babu komai zai fara motsi. Ƙananan ƙaguwa za su fito dubbai, namijin da hannu ɗaya ƙato yana ɗaga shi yana saukewa, yana kiran mace yana gargaɗin maƙwabci, yana cin abinci da ƙaramin hannun. Da ruwa ya fara kawowa kowace ta koma raminta ta toshe bakin da dunƙulen laka. Za ka ga wani kifi mai idanu a saman ka kamar kwaɗo yana tafiya da fikafikansa a kan taɓo, har ya hau saiwa. Ta fata da cikin baki yake shaƙar iska, muddin jikinsa da danshi. Mata za su fito da kwanduna suna tsintar wani ƙaramin dodon koɗi mai tsini da ake sa wa a miya, ɓawonsa kuma a zuba a hanya ko a kwaɓa da siminti a madadin tsakuwa, domin dutse babu shi a ƙasar. Kawa, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu, tana manne a jikin saiwoyi, iyakar inda ta tsaya shi ne iyakar inda ruwa ya saba kaiwa.

Kifin bonga da ake bandarwa da kirafish ɗin da kake gani a buhuna a kasuwar Sabon Gari daga irin wannan gaɓa suke fitowa, kuma yawancin kifin teku da jatan lande a tsakanin saiwoyin nan suke yin ƙuruciyarsu. Da rani za ka ga tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen baki da suka taso daga Turai, 'yan'uwan waɗanda ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, suna bin gefen ruwa yana ja suna caka. Akwai zalɓe, da aku mai jan wutsiya da ke wucewa da yamma, da birai a dajin da ke bayan mangurob.

Ayu ma yana nan, wannan dai da ake tallar mansa a kasuwannin Kano. Ciyawa ya fi ci, yana kai mita uku, ba ya cutar kowa, macen tana ɗaukar ciki kusan shekara ta haifi ɗa ɗaya, sai bayan wasu shekaru ta sake. Dabbar da ke haihuwa haka ba ta jure farauta, doka kuma ta hana kashe ta. In wani a gida ya yi maka saƙon man ayu, ka ce ba ka samu ba. Haka kunkurun teku, da ke fitowa rairayin gaɓa da dare a watannin rani su haƙa rami su zuba ƙwai wajen ɗari, su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu. In ka ci karo da uwar tana haƙa, ka kashe tocila ka tsaya ta bayanta, haske yana sa ta fasa ta koma ruwa.

Kada akwai shi, amma farauta ta sa ya yi ƙaranci, wanda aka fi gani ƙarami ne mai gudun mutane. Abubuwan da za su kai ka asibiti ƙanana ne. Ɓawon kawa yana yanka kamar reza, ciwon kuma yana saurin ruɓewa, don haka kada ka shiga taɓo ba takalmin roba mai rufi, silifa taɓo zai ƙwace. In ka yanke, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta tsufa ba tun kafin ka bar Kano. Akwai wani faffaɗan kifi da ke kwanciya a yashi da ƙaya mai dafi a wutsiya. Ka riƙa jan ƙafa a ƙasa in kana tafiya a ruwa marar zurfi, zai ji ya gudu. In ya soke ka, ko ƙayar kifi mai gashin baki ta soke ka, ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa na minti 30 zuwa 90, zafi yana karya dafin, sannan a je a duba ko ƙaya ta karye a ciki. In ƙafarka ta nutse a taɓo kada ka yi ta fizga, ka kwanta ta baya ka baza nauyinka, ka zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya a hankali. A rairayin teku akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ta siririyar hanya, sukan yi kama da wuri mai lafiya saboda raƙuman ba sa karyewa a nan. Wanda ya iya iyo gefe yake yi ya fita daga hanyar. Kai da ba ka iya ba, iyakarka gwiwa. Rigar kariya daga nutsewa kuwa ka sayi taka, ka ɗaure ta kafin jirgi ya tashi, kuma kada ka yi tafiyar dare a rafukan nan, ga kututture a ruwa ga 'yan fashi.

Sauro a Kano ɗan damina ne, a can ba ya hutu, gidan sauro mai magani dole ne, zazzaɓi kuma a yi gwaji ranar da ya fara. Akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da safe da yamma da ke ratsa raga, doguwar riga da wando su ne maganinsu. Ruwan sama a gaɓar yana kai wajen milimita 4,000 a shekara, Kano kuwa wajen 1,000 ko ƙasa da haka, amma duk da haka ruwan sha shi ne wahala. Ruwan daɗi siriri ne yana yawo a kan na gishiri a ƙarƙashin yashi, rijiyar da aka zurfafa ko aka ja da yawa sai ta koma zartsi. Da rani gishiri yana ƙara shiga cikin kogi, a Satumba da Oktoba kuwa ambaliyar Kwara tana tura shi waje, in ta haɗu da babbar cika sai ruwa ya rasa mafita ya shiga gari, kamar yadda jihar ta gani a 2012 da 2022. Ka dogara da ruwan rufi: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rufin ɗaki mai murabba'in mita 20 zai ba ka lita 1,000 a ruwan milimita 50. Ka bar na mintocin farko ya wanke kwano, ka rufe durom, ka tafasa na sha. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa da halaccin abin da ke cikinsa, sai dai sabulu ba ya kumfa da shi. Iskar gishiri tana cin bakin cajin waya da zip ɗin jaka, danshi kuma yana sa takardu furfura, don haka takardun makarantarka su zauna cikin leda biyu a ɗaure.

Tafiyar Sallah ma ka tsara ta da wata. In za ka taso ranar 27 ko 28 ga Ramadan, da sassafe ruwa yana ja, yakan kai ƙasa wajen hantsi, sai ka nemi jirgin da zai tashi da ya fara kawowa, cikar ta raka ku cikin kogi ku isa Yenagoa kafin la'asar. Ranar 7 ga Zulhajji kuwa ruwa yana fara kawowa tun asuba ya cika da hantsi, jirgin farko shi ne naka, amma cikar ƙarama ce, wasu rafukan yanke ba za su shigu ba, direba zai bi doguwar hanya ya kuma ƙara kuɗin mai. Ka gwada waɗannan lokutan da abin da gorarka ta nuna, in sun saɓa ka bi gorar.